Yanda za a yi maza da mata su ji maganar juna a wajen aiki

Kafin komai ka cire maganar nan daga kanka ta cewa wai mata sun fi maza surutu, don in ka shiga ofis da ita a ka to duk abinda zan faɗa ba zai shige ka ba. An daɗe ana yawo da wani lissafi wai mace na furta kalma 20,000 a rana namiji kuma 7,000 kacal, har a wajen tirenin ɗin ma'aikata sai ka ji mai koyarwa ya kawo shi ana ta dariya, alhali ba wani bincike da ya tabbatar da shi. A wani bincike da aka buga a 2007 Matthias Mehl na jami'ar Arizona shi da abokan aikinsa suka maƙala wa ɗalibai 396 wata ƴar na'urar ɗaukar sauti suna yawo da ita kwana da kwanaki, da aka zo lissafi mata suka tashi da kalma wajen 16,200 a rana, maza wajen 15,700. Jirgi ɗaya ya kwaso su kenan. Ita ma Janet Hyde ta jami'ar Wisconsin a 2005 ta tattaro manyan nazarce-nazarce guda 46 kan bambancin maza da mata a tunani da hali da magana, ta tarar kashi 78 cikin ɗari na bambancin da ake ta kururutawa ko dai ɗan kaɗan ne ko kuma babu shi sam.

To in haka ne daga ina saɓanin ofis yake fitowa? Ni dai a ganina rabonsa mafi tsoka a kunnen mai sauraro yake. Magana ɗaya ce, in namiji ya faɗe ta a ce ya san aikinsa, in mace ta faɗe ta a ce kanta na rawa. Victoria Brescoll ta jami'ar Yale ta duba Majalisar Dattawan Amurka ta ga sanata namiji duk sanda ƙarfinsa ya ƙaru a majalisa sai tsawon maganarsa ya ƙaru, amma sanatoci mata ko sun samu ƙarfin maganarsu tana nan yanda take. Sai ta yi gwaji, ta ba mutane labarin shugaban kamfani mai yawan magana fiye da takwarorinsa, in an ce namiji ne sai makin ƙwarewarsa ya hau da kashi 10, in an ce mace ce sai ya sauka da kashi 14, kuma masu ba da makin nan har da mata a ciki. Kaga kenan macen da ta yi shiru a mitin ba lallai rashin abin faɗa ba ne, wataƙila lissafi ta yi ta ga shirun ya fi mata arha.

Mafi yawan binciken da zan ambata a Amurka da Kanada aka yi su, don haka kar ka ɗauke su kamar da ofis ɗinku aka auna. Naku kai za ka auna, kuma daga nan za a fara.

Ka fara da ƙirga

Mitin na gaba ka shiga da takarda da biro, ka rubuta sunan kowa a jere, duk wanda ya yi magana ka ja masa layi ɗaya, duk wanda ya katse wani ka sa masa alama ka kuma rubuta wa ya katse. Kar ka gaya wa kowa kana yi, don da zarar an sani kowa zai shiga taitayinsa lissafin ya lalace. Ka yi haka a mitin uku ko huɗu sannan ka zauna ka duba. Wani lokacin za ka tarar ba maganar maza da mata ba ce ma, mutum ɗaya ne ko biyu suka cinye rabin lokacin suna katse kowa da kowa, wani lokacin kuma abin zai fito maka ƙiri-ƙiri cewa wadda ake katsewa kullum ita ce dai ita ce dai. Ko wanne ka gani ka san maganin da za ka nema, ya fi ka tsaya kana musu da mutane kan abinda kowa ke ji a ransa.

Katse magana, nan ne aikin yake

Tun 1975 Don Zimmerman da Candace West suka naɗi hirar maza da mata suka ga cikin katsewa 48 maza ne suka yi 46, sai dai hirarrakin 11 ne kawai, bai kai a gina gida a kai ba duk da shaharar da ya yi. A 1998 Kristin Anderson da Campbell Leaper suka haɗa bincike 43 wuri ɗaya, sakamakon shi ne eh maza sun fi katsewa amma ratar ba babba ba ce, ta fi fitowa a irin katsewar nan ta ƙwace magana daga bakin mutum, kuma ta fi fitowa in mutane sun kai uku ko fiye. Wato daidai yanayin mitin.

Kuma muƙami baya hana wannan abu. Tonja Jacobi da Dylan Schweers sun bi zaman Kotun Ƙolin Amurka suka fitar da sakamako a 2017, a zangon 2015 kusan biyu cikin uku na duk katsewar da aka yi wa alƙalai ta faɗa ne kan alƙalai mata guda uku, cikin alƙalai tara. Alƙalan kotun ƙoli fa, ba sabbin ɗauka ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor da bakinta ta faɗa a 2021 cewa irin wannan bincike na cikin abinda ya sa kotun ta gyara tsarin tambayoyi, yanzu akwai zagayen da ake bin alƙalai ɗaya bayan ɗaya kowa ya yi tambayarsa ba mai tsoma masa baki. Ba wa'azi aka yi wa kowa ba, tsari aka canza, kuma shi nake so ka kwaikwaya.

In kai ne ke jan mitin, ka kafa doka tun farko cewa wanda ke magana sai ya dire, kuma dokar ta hau kan kowa har kai. In wani ya katse ba sai ka yi faɗa ba, "ɗan dakata Malam, bari ta ƙarasa, kai ne na gaba" ya isa, sannan ka cika alkawari ka dawo kansa don kar ya ji an ci masa fuska. A kan batu mai nauyi kar ka ce "akwai mai magana?" don masu saurin baki ne za su cafke, ka zagaya teburin kowa minti ɗaya ko biyu, ka fara da ƙananan ma'aikata ka bar naka ra'ayin zuwa ƙarshe saboda da zarar oga ya nuna inda ya karkata shikenan sauran sai amin. Ka tura ajanda tun jiya don mai buƙatar ya yi tunani kafin ya buɗe baki ya samu dama. Wannan ba don a faranta wa mata rai ba ne kawai, Anita Woolley ta jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta a 2010 sun gwada mutum 699 a ƙananan rukunoni suka ga rukunin da ƴan tsiraru suka mamaye magana ya fi rauni wajen warware matsala, wanda magana ke zagayawa kuma ya fi ƙoƙari.

In ke ce ake katsewa, abu na farko ki rage shimfiɗa. Su Jacobi sun lura alƙalai mata da suka daɗe a kotun suna daina fara tambaya da "a yi haƙuri" ko "ko zan iya tambaya", suna faɗawa kan tambayar kai tsaye, saboda a cikin shimfiɗar nan ne ake samun ƙofar shigowa. Ki sa kan maganar a jimlar farko, dalilai su biyo baya, ko an katse ki a tsakiya an riga an ji abinda kika zo da shi. Wata dabarar ki faɗi adadi tun farko, "abu biyu zan faɗa", to duk wanda ya shigo bayan na ɗaya kowa ya san bai bari kin gama ba. In an shigo ɗin kar ki ɗaga murya kuma kar ki yi shiru ki haɗiye, ki ce "Yallaɓai saura kaɗan in ƙarasa" ki ci gaba daga inda kika tsaya da muryar da kika fara da ita. Da wuya a karon farko, na sani, musamman in mai katsewar ya girme ki a aiki, amma yawancin masu yi ba su ma san suna yi ba, sau biyu uku za su gane.

Kai kuma abokin aiki da ke zaune a gefe, naka ya fi na kowa sauƙi don ba abinda za ka rasa. "Ina so in ji ƙarshen abinda Malama ta fara faɗa." Shikenan.

Shawarar da ta canza uba a tsakiyar mitin

Wannan kowa ya taɓa gani. Mace ta kawo shawara aka yi shiru kamar ba a ji ba, bayan minti goma wani ya maimaita ta da ƴan gyare-gyare sai ka ji ana kai wannan tunani ya yi. Mata ma'aikatan fadar White House a zamanin Obama sun yi wa abin dabara, jaridar Washington Post ta ba da labarin a 2016: in ɗaya ta kawo magana mai ma'ana sai wata ta maimaita ta tare da kiran sunan mai ita, ta yanda ba wanda zai iya ɗauka ya ce tasa ce. Ba sai mace ce za ta yi wa mace ba, kowa zai iya. "Wannan ai ita ce shawarar da Hajiya ta kawo ɗazu, Hajiya ko za ki ƙara mana bayani?" Ba ka zargi kowa da sata ba, ka dai mayar da abu wajen mai shi. Mai rubuta bayanan mitin shi ma ya dinga sa suna a gefen kowace shawara, don ranar da za a zauna maganar ƙarin girma takarda ake dubawa.

Kwana-kwana da kai tsaye

Deborah Tannen ta jami'ar Georgetown ta daɗe tana rubutu kan wannan tun wajen 1990, bayaninta shi ne mata da yawa sun tashi suna amfani da magana don gyara zumunci da kare mutuncin wanda suke magana da shi, maza da yawa kuma don isar da bayani da kare matsayi. Akwai gaskiya a ciki amma ni ina ɗaukarsa da taka-tsantsan, don tun 1980 William O'Barr da Bowman Atkins suka saurari shaidu a kotu suka ga salon nan na "ina ga kamar", "wataƙila dai", "ko ba haka ba" ya fi bin matsayin mutum fiye da jinsinsa, mace likita ko ƙwararriya ba ta cika yinsa ba, namiji mai ƙaramin matsayi kuma yana yi sosai. Duba yanda kai kanka kake magana gaban babban oga za ka gane.

Abin yi dai shi ne kar ka auna ingancin magana da ƙarfin muryar da ta zo da ita. In abokiyar aiki ta ce "ban sani ba ko ni ce ban gane ba, amma kamar lissafin shafi na uku bai daidaita ba", kar ka ji "ban sani ba" ɗin ka wuce, ka buɗe shafi na uku, sau da yawa ta sani sarai, hanya take ba ka ka gyara ba tare da ka ji kunya ba. Haka in shugabarka mace ta ce "ko za ka samu ka duba fayil ɗin nan yau?" umarni ne, ba zaɓi aka ba ka ba. In kana shakka ka tambaya, "ranki ya daɗe yau kike so ko zai iya kai gobe?" A ɗaya ɓangaren kuma in namiji ya hau shawararki da tambayoyi yana neman inda ta yi rauni, kar ki yi saurin ɗauka raini ne, wasu haka suke nuna sun ɗauki abu da muhimmanci, ki amsa tambayar a matsayin tambaya. In ya wuce shawarar ya koma kanki ke, to wannan wani abu ne daban kuma ba sai kin jure ba.

Gyaɗa kai ma yana rikita mutane. Wani in yana cewa "uhm, eh, haka ne" nufinsa ina jin ka ci gaba, wani kuma nufinsa na yarda. Kafin a tashi ka tambaya a fili wa ya amince wa bai amince ba, wa zai yi me, zuwa yaushe.

Sai ba da haƙuri. Karina Schumann da Michael Ross na jami'ar Waterloo a Kanada a 2010 sun sa mutane rubuta laifukan da suka yi kullum da waɗanda suka nemi afuwa a kai. Mata sun fi neman afuwa, amma ba don maza na da girman kai ba, duka biyun suna neman afuwa a wajen kashi 80 cikin ɗari na abinda suka ɗauka laifi ne, kawai dai mata sun fi ganin ƙananan abubuwa a matsayin laifi. Don haka in ya yi miki wani abu bai ce komai ba akwai yiwuwar bai ma san ya yi ba, ki gaya masa a sarari kafin ki ƙulla. Ke kuma a imel ki duba kafin ki tura, "a yi haƙuri da damuwa" a kan aikin da haƙƙinki ne ki tambaya ba shi da amfani, ki rubuta abinda kike so da ranar da kike so, gaisuwa da godiya sun wadatar.

Ayyukan da ba sa kai mutum ko'ina

Rubuta bayanan mitin, shirya walimar ofis, zama a kwamitin da ba wanda ke so, koya wa sabon ɗauka hanya. Dole wani ya yi su amma ba a ƙara wa kowa girma saboda su. Linda Babcock da Lise Vesterlund da abokan aikinsu a 2017 sun ga an fi roƙon mata irin wannan aiki, kuma in an roƙa mata na amsawa kashi 76 cikin ɗari maza kashi 51. Abin da ya fi ba ni mamaki, in rukunin maza ne zalla sai su miƙa kansu daidai yanda mata ke yi a nasu rukunin, wato kowa ya iya, jira kawai ake mace ta gaji da shirun ta ce to bari in yi. Maganin ba wuya, a daina neman ɗan sa-kai, a yi jadawali ana juyawa. In kuma ba jadawalin ki ce "na yi na watan jiya, wa ke bi?"

Gyara, yabo da maganar kuɗi

In kana rubuta wa na ƙasa da kai rahoton ƙarshen shekara, ka yi wannan gwajin: ka cire sunan ma'aikacin, ka sa na ɗaya jinsin, ka sake karantawa. In jimlar ta zama banbarakwai to akwai gyara. Shelley Correll da Caroline Simard na jami'ar Stanford sun karanta irin waɗannan rahotanni suka ga na mata ya fi zama dunƙule, irin su "kin yi ƙoƙari bana", na maza kuma ana ɗaure shi da takamaiman aiki da abinda zai koya ya ci gaba, sannan kashi 76 na inda aka rubuta mutum ya cika zafi a rahoton mata yake. Wasu ogannin tsoron kar ta ji haushi ko ta yi kuka ne ke sa su ɓoye gyaran, suna ganin kirki suka yi, alhali sun hana ta abinda za ta hau da shi ne. Ka faɗi aikin, ka faɗi inda ya gaza, ka faɗi yanda mai kyau yake kama. In za ka ce ta cika faɗa to ka kawo rana da abinda ta ce, ka kuma tambayi kanka ko da namiji ne ya faɗa za ka rubuta.

Kar kuma ka dogara da yanda mutum ya yabi kansa. Christine Exley da Judd Kessler sun ba mutane jarrabawa, maza da mata suka ci kusan daidai, da aka ce kowa ya ba kansa maki cikin 100 maza suka ba kansu wajen 61 mata wajen 46. In fom ɗin auna kai shi ne ma'auninka to ka san wa zai sha ƙasa. Ke kuma ki buɗe fayil ki dinga zuba duk abinda kika kammala da lambobinsa, kwastoma nawa, kwana nawa aka rage, kuɗi nawa aka tsira da su, kuma inda ke kika yi ki ce "na yi", ki ajiye "mun yi" don inda da gaske taro aka yi.

Neman ƙarin albashi shi ne inda shawarar "ki dage kawai kamar namiji" take iya cutarwa, don Hannah Riley Bowles da su Babcock a 2007 sun nuna mutane na ƙin son aiki da macen da ta nemi ƙari fiye da yanda suke ƙin namijin da ya yi hakan. Abinda suka ga yana rage wannan daga baya shi ne ta ɗaura buƙatar a kan dalilin da ma'aikatar ta yarda da shi, misali nauyin da aka ƙara mata ko abinda ake biyan mai irin aikin a wasu wurare, tana nuna kuma ta damu da tafiyar aikin. Haushi ne a ce sai ta bi ta nan, amma yana aiki. Mai ɗaukar ma'aikata kuwa gyaransa layi ɗaya ne, Andreas Leibbrandt da John List sun gwada da masu neman aiki kusan 2,500, inda tallar aikin ba ta ce komai kan ciniki ba maza sun fi neman ƙari, inda aka rubuta ƙarara cewa ana iya tattauna albashi sai ratar ta ɓace. Ka rubuta shi a tallar, in da hali ka sa mafi ƙaranci da mafi yawan abinda za ku iya biya.